Cin Abinci a Bankok: Zaɓi Shago Kafin Ka Zaɓi Girki

Wanda ya sauka Bankok, babban birnin Tailan, don saro kaya a kasuwar Pratunam, ko ya rako mara lafiya asibiti, sau da yawa yakan tare a gidajen abincin Larabawa da ke Soi 3, wato layi na 3, a titin Sukhumvit, ya yi ta biyan kuɗi mai yawa saboda tsoron abin da ke cikin tukunyar mutanen gari. Tsoron yana da dalili, amma maganinsa sani ne. Yawancin baƙi suna farawa da haddace sunan girki, alhali irin shagon da ka shiga shi ke yanke abin da zai shiga cikinka, da kuɗin da za ka biya, da ko za a saurare ka idan ka ce a cire wani abu.

Mafi araha shi ne shagon khao kaeng, wato shinkafa da miya. An riga an gama girki, an jera shi a manyan faranti goma ko fiye, kai kuma nuni kawai za ka yi da yatsa. Miya ɗaya a kan shinkafa wajen bat 40 zuwa 50 ce (bat shi ne kuɗin ƙasar), biyu kuma a ƙara bat goma ko ashirin. Babu jira, babu buƙatar yare. Aibinsa biyu ne. Da sassafe ake dafa abincin, don haka lokacinsa daga safe ne zuwa azahar. Farantin da ya wuni a buɗe cikin zafin Bankok, musamman mai madarar kwakwa, shi ke kawo ciwon ciki da yamma. Sannan ba ka da ikon sauya komai: idan an sa niƙaƙƙen naman alade a cikin ganye ko wainar ƙwai, an riga an sa, kuma ido ba ya bambanta shi da kaza.

Shagon ahan tam sang, inda ake girka abin da ka nema a gabanka, ya fi ba ka iko. Za ka gane shi da kasko mai zurfi a kan wuta mai ƙarfi da akwatin gilashi da aka jera nama da ganye. Kwano yana kaiwa bat 50 zuwa 80. A nan ne ake cin pad kaphrao, nama da aka soya da tafarnuwa da barkono da wani ganye ɗan'uwan ɗaɗɗoya, a zuba a kan shinkafa, a ɗora soyayyen ƙwai da ƙarin wajen bat 10. Kai ke faɗin naman: a yarensu “kai” kaza ce, nuea naman sa, kung jatan lande, pla kifi, mu kuwa alade. Idan ka yi shiru a kan nama, alade za a sa maka, domin shi ne na yau da kullum a wurinsu. Ka ce “mai sai mu”, wato kada a sa alade. Sai dai ka sani kasko ɗaya ne ake soya komai a ciki, ɗauraye shi kawai ake yi da ruwa tsakanin kwano da kwano, wasu kuma har yanzu da kitsen alade suke suya. Kaza da naman sa na irin wannan shago ba a san yankansu ba. Wanda larura ta kai shi can gara ya tsaya ga kifi ko jatan lande, ya kuma leƙa irin man da ke gefen kaskon.

Shagon taliya, kuai tiao, shi ne Musulmi ya fi kamata ya yi hattara da shi, duk da cewa shi ya fi kama da abinci mara laifi. Matsalar a romon take. A yawancin shagunan da ƙashin alade ake dafa shi tun asuba, ko da ƙwallon kifi za a ɗora a sama. Ana barbaɗa soyayyiyar tafarnuwa da sau da yawa take haɗe da soyayyen kitsen alade. Wanda ake kira nam tok kuwa, irin taliyar jirgin ruwa mai baƙin romo, jini ake zubawa don ya yi kauri. Cewa “mai sai mu” a nan zai cire yankan naman da kake gani ne kawai, romon yana nan yadda yake. Ga wanda waɗannan ba su dame shi ba, abinci ne mai sauƙi a ciki, kuma zafin romon yana rage haɗarin ƙwayoyin cuta.

Saboda haka shagon Musulmin Tailan ya fi dukkansu kwanciyar hankali, kuma farashinsa bai wuce na sauran ba. Alamarsa jinjirin wata da tauraro a allon shago, sau da yawa kore, ko tambarin halal na Majalisar Musulunci ta ƙasar mai siffar lu'u-lu'u da rubutun Larabci a tsakiya. Suna da yawa a Soi 7 na titin Phetchaburi kusa da masallacin Darul Aman, wanda ba shi da nisa da Pratunam, da unguwar Bang Rak wajen masallacin Haroon, da yankin Ramkhamhaeng. Babban girkinsu khao mok kai, shinkafa ruwan ɗorawa da aka dafa da kurkur da kayan ƙamshi tare da kaza, a kawo ta da kokwamba da koren miya mai zaƙi da tsami. Ka haɗa ta da sup hang wua, farfesun jelar sa mai lemun tsami da barkono da soyayyiyar albasa. Duk wanda ya saba da farfesu zai ji shi kamar na gida, sai dai tsaminsa ya fi. Akwai massaman, miya mai kauri ta madarar kwakwa da dankalin turawa da gyaɗa da kirfa, wadda yajinta kaɗan ne, ita ce ta fi dacewa da yaro ko dattijo. Yawancin waɗannan shaguna suna yin pad kaphrao da taliya su ma, da romon kaza ko na sa. Wasu kan rufe ranar Juma'a ko su buɗe bayan an sauko, kuma khao mok kan ƙare kafin la'asar.

Shagon abincin Isan, na arewa maso gabashin ƙasar, ƙarar turmi ce ke sanar da shi. A ciki ake daka som tam: ɗanyen gwanda da aka goge siri-siri, da tumatir, koren wake, tafarnuwa, barkono, lemun tsami da sukarin giginya ko na kwakwa. Ana cinsa da gasasshiyar kaza da shinkafa mai danƙo da ake kawowa a ɗan kwando, a gutsura da hannu a dunƙula kamar lomar tuwo. Iri biyu ne ya kamata ka bambanta. Som tam thai yana da gyaɗa da busasshen jatan lande, shi ne na baƙo. Som tam pu pla ra yana da ƙaguwa mai gishiri da ba a dafa ba, da ruɓaɓɓen kifi mai wari wanda matsayinsa a wurinsu kamar daddawa ne a miyarmu. Cikin da bai saba ba yana shan wuya da shi. Duk abin da aka rubuta wa dip, ɗanye ne, ka bar shi. Koi pla na ɗanyen kifin rafi shi ke yaɗa tsutsar hanta da ta addabi yankin Isan. Larb kuma, wato niƙaƙƙen nama mai yaji da tsami, da alade aka fi yinsa sai in ka ce “kai”, wato kaza.

A nan ne maganar yaji take da muhimmanci. “Mai phet” na nufin ban da yaji, “phet nit noi” ɗan kaɗan. A shagon som tam ya fi kyau ka faɗi adadin barkono, ka ɗaga yatsa ɗaya ko biyu, domin ƙananan barkononsu sun fi yadda girmansu ya nuna zafi, kuma turmin da aka daka wa wani goma a ciki yana riƙe da yajinsa. Launi ma yana ruɗi: koriyar miya mai kama da madara takan fi ja zafi. Wajen furuci, ph kamar p ake faɗinsa, th kamar t, kh kamar k.

Zauren abinci na manyan kantuna, irin na MBK ko Platinum ko Terminal 21, shi ne tsaka-tsaki. Akwai sanyi, akwai hoto da farashi a kowane shago, kuma a kan samu rumfar halal. Ba a biyan mai abinci kai tsaye: za ka sa kuɗi a kati a wurin mai karɓar kuɗi, ka ci, ka mayar da katin a ba ka ragowar, kuma gara ka karɓa a ranar. Ɗanɗanon ya ɗan fi na titi laushi. Gidan abinci mai ma'aikata da takardar jerin girki kuwa sai kun kai uku ko huɗu yake da riba, domin tsarinsa na tarayya ne: kowa da shinkafarsa, a tsakiya a sa miya ɗaya, farfesun tom yam mai tsami, soyayyen ganye da kifi guda. Kowane kwano daga bat 120 zuwa 250 ne ko fiye. Duba ƙasan takardar: alamar ++ na nufin za a ƙara kashi 10 cikin ɗari kuɗin hidima da kashi 7 na haraji. Kifi da ƙaguwa kan zo da farashin awo, ka tambayi jimillar kafin a dafa.

Mai ciwon sukari ya lura cewa kusan kowane girki da sukari a ciki, soyayyiyar taliyar pad thai ma da tsamiya da sukari ake haɗa ta, shayinsu mai ƙanƙara kuwa madarar gwangwani mai zaƙi ce ginshiƙinsa. “Mai wan” shi ne ban da zaƙi. Mai hawan jini ya rage ruwan kifi mai gishiri, nam pla, da ke kan tebur tare da sukari da garin barkono da ruwan khal. Wanda jikinsa ba ya son gyaɗa ko jatan lande ya sa a rubuta masa haka da rubutun Tai a takarda, domin niƙaƙƙen jatan lande da ake kira kapi yana narke a cikin yawancin miya, ba a ganinsa.

Masu rumfar titi da yawa ba sa fitowa ranar Litinin, ranar sharar titi ce, don haka ka tanadi zauren abinci a ranar. Ka riƙe takardun bat 20 da 50 da 100. Ta 1,000 tana wahalar da mai rumfa wajen canji, lambar biya ta waya da suke liƙawa kuma galibi sai mai asusun bankin ƙasar.