Dashen Tuffa Daga Jos Zuwa Kano: Abin Da Na Gani Bayan Shekara Uku

Shekara uku ke nan da na sayi dashe a wani wurin renon itatuwa da ke kan hanyar Bukuru zuwa Vom, amma na ƙi yin magana a kansa sai yanzu, domin ina so abin da aka sayar mini ya fara shan zafin bazarar Kano tukuna.

Tuffa da sitiroberi ne suka kai ni. Dattijon da ke kula da wurin bai taɓa ko leda ɗaya ba sai da ya tambayi garin da zan dasa su, kuma da na ambaci Kano sai ya ce, "Alhaji, sitiroberi hunturu ɗaya za ka ci, tuffa kuwa za ta rayu, amma kada ka tanadi kwando." Dalilinsa yana da tushe. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, kuma tuffa asalinta daga duwatsun tsakiyar Asiya take, wajen Kazakistan, inda take kaɗe ganye ta yi barci cikin sanyi kafin ta yi fure. Yawancin ire-irenta suna bukatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da ke ƙasa da digiri 7, abin da hunturunmu ba ya bayarwa. Saboda haka ya zaɓo mini aurarren Anna, irin da aka samar a Isra'ila don ƙasashe masu ɗumi, ya haɗa da Dorsett Golden domin furen ɗaya ya barbari na ɗayan, sannan ya koya mini tsige ganye da hannu da rage ban ruwa a farkon hunturu, wai don a ruɗi itaciyar ta zaci sanyin ƙasarsu ne ya zo. Wannan bayani, a ganina, ya fi dashen kansa daraja.

Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Sitiroberi ya ba da 'ya'ya a Janairu da Fabrairu, kafin Afrilu ya ƙare kuwa duk ya bushe, duk da rumfar zanar da na yi masa. Cikin tuffa huɗu gara ta cinye ɗaya, ɗaya kuma ta ƙone lokacin da zafi ya haura digiri 40. Biyun da suka rage suna nan kore shar, sai dai 'ya'yansu ƙalilan ne, ba su fi ƙwan kaza ba, kuma ɓangaren da ke kallon rana yakan ƙone. Abin da ya ba ni dariya shi ne aurarren mangwaron da ya ba ni gyara ya kere su duka tsawo, alhali shi ma baƙo ne daga Indiya, kamar darbejiyar da ta cika titunanmu. Waɗannan sun baro ƙasa mai zafi da dogon rani, suka tarar da irinta a nan.

Ina da ƙorafi biyu. Babu wata alamar suna a jikin ledojin, har ya zama yau ban san ko biyun da suka tsira iri ɗaya ne ba, wanda hakan kaɗai zai iya rage yawan 'ya'ya. Ƙasar da ke cikin ledojin kuma jar laka ce mai nauyi, da ta bushe a hanya sai ta ƙame kamar tubali, dole na jiƙa ta kafin in iya sakin saiwoyin.

Ga mazaunin Filato ko Mambila, wurin ya cancanci ziyara ba tare da wani shakku ba. Wanda zai kai dashen Kano ko Sakkwato kuwa ya nemi dattijon da kansa, domin da na koma bara yaransa na tarar, suka miƙo mini ledoji ba su tambaye ni ko daga ina nake ba.