Batir ne ko dinamo? Amsa ga Alhaji mai Hilux

Alhaji barka da rana, ya zafin ga namu na Tawa. Tun jiya na ga tambayarka aiki ne ya riƙe ni a garaji. In na fahimce ka daidai Hilux ɗinka mai gazuwal ce, batir ɗin ko shekara bai yi ba, amma da safe sai an tura ko an jona da wani batir, da dare kuma in kana dawowa daga Badagishiri fitilu sai su yi ja kamar aci-balbal, wani makanike ya ce sayi sabon batir wani ya ce a'a dinamo ne, kai kuma kana son ka san wa za ka bi kafin ka fidda kuɗi.

To don Allah kar ka sayi komi tukuna. Batir randa ce, dinamo ɗin da wasu ke ce ma altarnater shi ne ga-ruwa mai cika ta. In ka tashi da safe ka iske randa ba ruwa, ko dai randar ce ta tsage ko ga-ruwa ne bai zo ba, kuma in ga-ruwa ne bai zo ba ko randa goma ka sawo haka za ka iske su. Bari in jera maka su biyun gefe da gefe ka duba da kanka wanne ya yi kama da ciwon motarka.

Batir in shi ne ya gaji, wahalarshi duk a wurin tada mota take. Ka murɗa kontak ka ji demarer, wato abin da ke tada inji, yana juyawa da ƙyar ko ya yi ƙas-ƙas-ƙas ya tsaya, amma da zarar inji ya kama shikenan, fitilu tas, oda da ƙarfinta, ka je Konni ka dawo ba abin da za ka gani, sai ka kashe ta ta kwana gobe a koma gidan jiya. Dinamo kuwa akasin haka ne, ciwonshi yana fitowa ne mota tana tafiya. Fitilu su riƙa dushewa a hankali, in ka ba ta wuta su ɗan yi haske in ka sake su koma, gilashi ya riƙa hawa kamar mai jin barci, jar alamar batir ta tablo ta kama ko ta riƙa ƙyaftawa a ralanti. Mutane da yawa suna ganin wannan alama su ce batir ya mutu saboda hoton batir ne a kai, alhali abin da take faɗa shi ne caji ba ya zuwa. Kuma ka lura, in ka buɗe kontak inji bai tashi ba dole ta kama, in ba ta kama ba ko kaɗan wannan ma matsala ce, a wasu tsofaffin motoci ta wannan layin ne dinamo ke samun 'yar wutar da yake fara aiki da ita.

Akwai abin da ke ruɗin masu tsofaffin Hilux masu inji 3L ko 5L. Fanfon gazuwal ɗinsu ba ya buƙatar wuta sai 'yar kaɗan, saboda haka dinamo zai iya mutuwa murus ka wuni kana yawo da rana ba ka sani ba, kana shan abin da ke cikin batir kaɗan-kaɗan, sai dare ya yi ka kunna fitilu asiri ya tonu. Masu D-4D irin su 2KD da 1KD ba su da wannan haƙurin, kwamfuta ce ke ba da gazuwal, wuta na yin ƙasa sai ta mutu maka a tsakiyar hanya, kuma in batir ya yi ƙasa sosai ko an tura ba lallai ta tashi ba. Allah ya kiyaye ya same ka tsakanin Tawa da Abalak da kaya a baya.

Amma duk wannan alamu ne, mai raba gardama shi ne miltimetir, wato na'urar auna wuta, kuma kuɗinshi bai kai kusa da na batir ba, duk mai fikap ya kamata ya aje ɗaya cikin mota. Ka sa shi a DC 20, ja a kan plus baƙi a kan mayinas. Da safe kafin ka taɓa kontak, batir mai lafiya cikakke yana nuna bolt 12.6. In ka ga 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 rabi ne, 12.0 ko ƙasa ya kusa zama fanko. In ka ga wajen 10.5 to ɗaki ɗaya ya mutu cikin ɗakuna shida da ke cikin batir, tunda kowane ɗaki 2.1 yake bayarwa, wannan ba caji da zai tashe shi. Sannan ka bar waya a jone wani ya murɗa kontak kana kallo, lokacin da demarer ke juyawa bai kamata lamba ta faɗi ƙasa da 9.6 ba. Batir ɗin da aka cika taf amma ana murɗawa ya zube zuwa 7 ko 8, shi ne mai laifi, ba wata magana. Sai dai ka ji na ce wanda aka cika, don lafiyayyen batir ma in yunwa yake ji zai faɗi, kar a yanke mishi hukunci kafin a kai shi caji.

Shi kuma dinamo ana auna shi ne inji na aiki. A kan batir ɗin dai, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. Ka kunna manyan fitilu da klim da komi ka ɗan ba ta wuta, in ta riƙe sama da 13.5 ga-ruwa yana zuwa aiki. In ko ka ga 12 da 'yan kai kuma tana ta sauka, caji babu. Haka in ta haura 15 shi ma ba alheri ba ne, regilater, wato abin da ke daidaita wutar da dinamo ke bayarwa, ya lalace yana dafa batir, za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan batir ya riƙa ƙonewa, cikinshi ya kumbura.

Wani abu da nake roƙonka, kar ka yarda kowa ya cire kan batir inji na aiki wai don a gani ko mota za ta mutu. Na san tsohon gwaji ne kowa ya taso ya iske ana yi, amma a mota mai kwamfuta wutar da ke tsalle a lokacin tana iya ƙona diyod ɗin dinamo, wato abubuwan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ko kwamfutar kanta, a je neman gira a rasa ido.

Ta wajen abin da ke kashe su ma sun bambanta. Batir a ƙasar nan zafi ne babban maƙiyinshi, watan Afrilu da Mayu ana haura digiri 40 a inuwa balle ƙarƙashin kafo kusa da inji, ruwa ya ƙafe farantan da ke cikinshi su fito fili su lalace. Ga girgizar hanya, in ba a ɗaure shi da kyau ba hanyoyinmu na laterit suna kakkaɓe mishi ciki. In mai murfi ne ka riƙa dubawa, ka ƙara ruwan batir tatacce kawai, ban da ruwan rijiya ban da na fanfo, kuma kar a ƙara asid. Dinamo kuwa ƙura ce da mai ke cin shi. Sau da yawa ma ba shi ne ya mutu ba, kurwa ce wato bel ɗin da ke juya shi ta saki ko ta yi santsi, za ka ji tana ƙara ƙiii da safe ko in an kunna fitilu. Ko sharbon, wato ɗan gawayin da ke gogar abin da ke juyawa cikin dinamo, ya cinye, ko regilater ya lalace. A masu 3L da 5L akwai ɗan fanfon iskar birki manne a bayan dinamo, in ya fara yoyon mai sai man ya shiga ciki ya haɗu da ƙura ya zama laka a kan sharbon. Shi ya sa ta fuskar kuɗi nake cewa dinamo ya fi sauƙi, ana buɗe shi a canza abin da ya ci a maida, batir kuwa in ɗaki ya mutu sai dai sabo, masu cewa za su wanke shi su zuba sabon asid kwana kaɗan yake yi.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, kuma wallahi shi ya fi kawo min motoci, wato hanyar da ke tsakaninsu. Kos ɗin batir, wato ƙarfen da ke kama kan batir, ya yi farin gari ko ya saki, ko wayar mas da ke zuwa jikin mota da inji ta ci tsatsa. Watan jiya aka kawo min wata fikap an canza mata batir biyu cikin 'yan watanni, na auna bayan dinamo 14.2 na auna kan batir 12.9, wutar tana ɓacewa a hanya, ashe wayar mas ce ta rage silli kaɗan. Abin ya ɓata min rai ƙwarai don mai motar talaka ne da ita yake ci da iyali. Ka cire mayinas tukuna sannan plus, ka wanke kos ɗin da ruwan bikarbonat ko na kanwa kar dai ya shiga cikin ɗakunan, ka goge ka ɗaure tam, kuma kar a sha taba a wurin don iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da wuta. In kuma batir lafiya caji lafiya amma tana kwana ta mutu, to ɓarawo ne ke sha da dare, rediyo ko cajar waya ko ƙarin fitilun da aka jona kai tsaye, ko diyod ɗaya da ya ƙone cikin dinamo. Ana cire mayinas a sa miltimetir a 10A tsakanin kan batir da wayar da aka cire, ƙofofi a rufe, in ya wuce miliampa 50 sosai sai a riƙa zare fizibil ɗaya-ɗaya har a ga wanda ya sa lamba ta faɗi.

Ni dai a abin da ka faɗa, fitilun nan da ke ja kana cikin tafiya sun sa hankalina ya fi karkata ga dinamo ko kurwa ko mas, ba batir ba. Amma shi ma batir ɗin ya sha wuya, kuma in aka bar shi fanko kwanaki gishiri yana kama farantanshi ya ƙi ɗaukar caji, saboda haka yau ɗin nan ka cire shi a kai shi caji a hankali, mai Ah 70 wajen ampa 7 ya kwana a kai, kar ka ce dinamo zai cika shi a hanya. Gobe in Allah ya kai mu ka maida shi ka turo min lamba uku, ta kafin a tada, ta lokacin da demarer ke juyawa, da ta inji na aiki fitilu a kunne, sai in gaya maka abin da za a buɗe.