Kwafin Rolex ko Casio na gaske? Amsa ga angon bayan kaka

Salamu alaikum 'yan guruf. Jiya da daddare angonmu ya jefo tambaya, na gani amma cajina saura kaɗan shi ya sa ban tanka ba sai yanzu da yaro ya karɓo min wayar daga wajen mai caji. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi ya kai riɗinsa Maigatari ranar Alhamis, ya ware wani abu na agogon ɗaurin aure, to ya sayi kwafin Rolex irin mai ruwan gwal ɗin nan da ya gani a hannun wani abokin ango ne, ko ya sayi Casio orijinal. Wasu sun ce Rolex kawai ango, sau ɗaya ake auren fari, wasu kuma dariya kawai suka turo. To bari in faɗi nawa tunda ni na yi wannan haukar, yanzu haka kwafi bakwai ne a cikin gwangwanin madara a kan durowata, biyu ne kaɗai ke motsi.

Da farko ƙanena, kwafi ba iri ɗaya ba ne, kar mai tebur ya ruɗe ka da "wannan fes kwafi ne". Akwai na tire, wanda yara ke yawo da shi a tasha tare da tabarau da cazbi, mai batir ne, jikinsa wani ƙarfe ne mara nauyi da aka yi wa fenti. Akwai na tsakiya, otomatik, wanda motsin hannunka ke yi masa wani, yana da ɗan nauyi, shi ne yawanci ake kawowa a akwati har da kati. Sai na sama wanda masu tarawa ke yin odarsa daga China da ɗaruruwan daloli, shi kam sai mai gyara ya buɗe bayansa kafin ya tabbatar. Kuɗin riɗinka na farko ko na biyu zai saya, saboda haka su zan jera da Casio, na ukun mu bar wa masu shi.

Mu fara da ruwa, don a nan aka fi kwasar kashi a hannu. Mu mutane ne masu alwala sau biyar a rana, ga zufar bazara, ga damina ka taso daga gona ruwa ya tare ka a hanya. Abin dariyar shi ne Rolex na gaske da ruwa ya yi suna. A 1926 suka fitar da Oyster, agogon da aka ɗaure jikinsa gam ruwa ba ya shiga, shekara ɗaya bayan nan wata 'yar Ingila ta yi iyo da shi a tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa sama da awa 10 ya fito yana aiki. Submariner da ya fito 1953 na masu nutso ne, na yanzu an rubuta mita 300 a fuskarsa. To mai kwafi shi ma zai rubuta maka mita 300 ɗin nan tsaf, ai rubutu ba ya tsada, robar da ke toshe ruwan ce bai sa ba.

Nawa na farko ƙaramar sallah na saya masa. Na yi alwala a gida da shi a hannu don in gani, muka tafi idi, ana cikin huɗuba na ɗaga hannun riga in duba lokaci sai na ga gilashin ya yi gumi ta ciki, fari fat kamar murfin tukunya, da rana ta buga shi sai gumin ya taru ya zama 'yan ɗigo-ɗigo a kan lambobin. Kwana uku ya tsaya. Ranar kasuwa na kai wa wani dattijo mai gyara da ke zama ƙarƙashin lema, ya maƙala madubinsa a ido ɗaya, ya sa wuƙa ya ɓalle bayan, ya miƙo min ya ce Malam leƙa Rolex ɗinka. Wallahi injin bai fi girman kwabo ba, sauran duk wata farar roba ce aka zagaye shi da ita don kar ya yi ta kaɗawa a ciki, gefen batirin har ya fara tsatsa. Bai ce komai ba ya ci gaba da taunar goronsa, ni ma ban ce ba.

Casio kuwa, ɗauki ko da ƙaramin baƙin nan F-91W da muka tashi muna gani a hannun malaman firamare, tun 1989 ake yin sa kusan ba a canza masa komai ba. Ba na shiga kogi ba ne, kar ka je wanka rafi da shi ka ce ni na ce, amma alwala da yayyafi da zufa ko a jikinsa. Batirinsa kamfanin ya ce wajen shekara 7, nawa har na manta yaushe na canza. In kuwa G-Shock ne, wanda suka fara a 1983, shi dama don faɗuwa aka yi shi, mita 200, ka yi huɗa da shi ka yi sassabe ka hau babur a hanyar burji, babu ruwansa. Kwafi otomatik kuwa girgizar babur da sarar fartanya ba abokansa ba ne, na taɓa buga ɗaya a ƙofar shago hannun minti ya fita yana yawo a cikin gilashi.

Sai maganar lokaci, wanda ai shi ne aikin agogo tun asali ko da mun manta. Agogo mai batir wani ɗan dutse ne a cikinsa da ke karkarwa sau 32,768 a sakan ɗaya, shi ya sa ba ya cika ɓata lissafi. Seiko ne suka fara fitar da irinsa na hannu a ƙarshen 1969. F-91W abin da zai kauce bai wuce sakan 30 a wata ba. Rolex na gaske alƙawarinsu sakan 2 a rana, ka lissafa a wata minti ɗaya kenan, wato Casion roba ya fi shi ko sun yi kunnen doki, to ina ga kwafinsa. Otomatik ɗina mai koren fuska kullum sai ya yi gaba da minti ɗaya ko biyu, in na ajiye shi ranar Juma'a da yamma, Lahadi da safe ya mutu sai an sake saiti. Da azumi ban taɓa yarda da shi a sahur ba. Gaskiya dai kwafi mai batir yana riƙe lokaci ba laifi, matsalarsa ba ya daɗewa a duniya ne kawai.

Yanzu bari in yi wa kwafi adalci, don in na ce ba shi da inda ya ci na yi ƙarya. Wajen ado ya ci. Ka sa gezna fara ƙal, babbar riga ta sha aiki, hula ta zauna, links na ƙyalli, sannan ka ɗaura baƙar roba a hannu kamar mai zuwa rubuta jarrabawa, ai bai yi ba. Kwafin Rolex Datejust mai sarƙa kala biyu in ya leƙo daga hannun riga hoto yana kyau, mai hoto ma sai ya ce ango ɗora hannu a gwiwa. Na sati biyu zuwa wata ɗaya zai yi maka wannan aikin. Bayan nan ruwan gwal ɗin zai fara koɗewa daga wajen maɓallin sarƙa inda yake gogar tabarma da tebur, sai gefen da ke taɓa fata, in kana da zufa irin tawa wuyan hannunka ma ya yi kore-kore.

Amma tambayar da na yi wa kaina bayan na sayi na biyar ita ce, wa nake burgewa ne? Submariner na ƙarfe zalla sabo ya haura dala 9,000 a shagonsu, ka je Wapa ka tambayi canjin yau ka buga, miliyoyi ne sama da goma. Wanda ya san agogo, da ya gan ka ka sauko daga kan Boxer da wannan a hannu ya gama sanin labari, ba sai ya matso ba. In ya matso kuma hannun sakan kaɗai ya ishe shi, na gaske sau 8 yake bugawa a sakan ɗaya sai ka ga kamar sulalewa yake, na batir kuwa tsalle yake ɗaya-ɗaya, cak, cak. Ɗan ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata, a na gaske yana ƙara girman lambar ninki biyu da rabi har ta cika tagar, a kwafin araha lambar tana nan 'yar mitsitsiya. Wanda bai san agogo ba kuma, irin su kawu da baffa da za su cika ƙofar gida ranar ɗaurin aure, da Rolex da Casio mai sarƙa duk agogo mai ƙyalli ne a wajensu, su Rado da Seiko 5 ɗin da alhazai ke dawowa da shi daga Makka suka sani. Kama da wane ba ta wane, kuma kuɗin sunan da ka biya babu wanda ya karɓi saƙon.

Shi ya sa nake ganin tambayar taka ka matse ta da yawa, kamar Casio roba ce kawai. Akwai Casio na ƙarfe masu hannu, jerin MTP, ciki har da MTP-1302 wanda daga nesa zubin Datejust ne sak amma sunansa ne a jiki ba na aro ba. Akwai A168 mai lambobi, fari da mai kalar gwal, samari sun dawo da yayinsa. Akwai Edifice in kuɗin ya kai. In kuma lallai otomatik ranka yake so, ka nemi Seiko 5 ko da na hannu ne, tun 1963 ake yin sa, wasu ma ranakunsu da Larabci suke, kuma duk wani tsohon mai gyara a Kano ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Kwafi kuwa in injin ya lalace sau da yawa cewa za a yi sai dai a sake wani, kuɗin gyara ya kamo kuɗin saye, shi ya sa nawa biyar suke kwance a gwangwani. Akwai kuma 'yan China irin Pagani Design da ke ɗaukar zubin manyan agoguna amma su sa sunansu, da yawansu injin Seiko ne a ciki, wannan ya fi min kwafi nesa ba kusa ba.

Yayi ma yana juyawa fa. Shekarun baya kowa faranti yake ɗaurawa, ƙaton agogo kamar murfin kwano, yanzu an koma matsakaita, milimita 36 zuwa 40, wanda zai shige ƙarƙashin hannun kaftani ba tare da ya tokare links ba. Koren fuska da shuɗi suna tashe, da masu lambobin Larabci, da irin wanda sarƙar ta haɗe da jikin agogon, zubin agogunan Switzerland masu tsada Royal Oak na 1972 da Nautilus na 1976, Casio ma sun yi nasu mai kusurwa takwas GA-2100 a 2019. Abin da zan roƙe ka da girman Allah, kar ka sayi kwafin Richard Mille ɗin nan mai robar ja ko ruwan ɗorawa da yaran gari ke sawa, na gaskensa ɗaruruwan dubban daloli ne, kuma ko na gasken ne bai dace da babbar riga ba. Agogon waya mai taɓawa kuwa ban ma sa shi a lissafi ba, mu da wayar ma sai an kai ta caji, ka ƙara wa kanka wani bakin ciyarwa.

Abu biyu kafin in manta. Mai kalar gwal, yawancin na araha babu zinare ko ƙwayar zarra a jikinsa kala ce kawai, amma tunda zinare haramun ne ga namiji wasu malamai ba sa son ko kamanninsa, ka tambayi liman ko ka ɗauki fari ka huta. Na biyu, in ka sayi kwafi ka gaji da shi za ka sayar, ka faɗa wa mai saye kwafi ne, hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu bai ware agogo ba.

Kuma kar ka ɗauka da ka ce Casio shikenan ka tsira, jabun Casio ma ya cika kasuwa, musamman F-91W da G-Shock. In F-91W ne ko A168, danna maɓallin dama ka riƙe kamar sakan uku, na gaske zai rubuto CASIo a fuska. Wasu jabun yanzu sun koyi wannan ma, to ka haɗa da duba rubutun baya ko ya fita tsaf, ka karkata shi ka ga ko lambobin suna dishewa da wuri, sannan in farashin ya yi araha fiye da hankali ka ajiye masa kayansa, F-91W a waje ma wajen dala 20 ne.

Ni dai da ni ne kai, Casio mai sarƙa fari zan ɗauka in yi ɗaurin aure da shi in ci gaba da zuwa kasuwa da shi, canjin da ya rage in ƙara a kayan lefe. In kuma zuciyarka ta nace sai an ga tambarin kambin nan na Rolex a hoton biki, kar ka kashe ko sisi, zo gida bayan la'asar in ara maka mai koren fuskar, har yanzu sarƙarsa ba ta koɗe ba. Ka dai saita shi da wayarka da safen ranar, ka kuma cire shi kafin ka taɓa buta.