Kwana bakwai ba mu ga ƙasa ba

A watan Nuwamba ni da uwargida muka hau jirgin ruwan yawon shaƙatawa daga Basalona zuwa Miyami. Irin tafiyar nan ce da kamfanoni ke yi idan sanyi ya kusa sauka a Turai, su kwashe jiragensu zuwa yankin Karibiyan. Mun yada zango a tsibirin Tenerife, daga nan kuma sai ruwa zalla, kwana bakwai cur. Kafin mu tashi su ne nake fargaba, yanzu kuwa su kaɗai nake kewa.

Bari in fara da laifina. Don sauƙin kuɗi na zaɓi ɗakin ciki, wanda ba shi da taga ko ɗaya. In ka kashe fitila, ko tafin hannunka ba ka gani. Ranar farko na farka ina zaton asuba ce, ashe ƙarfe goma ta gota, an kusa kwashe karin kumallo. Amma ɗakin ya rama mana a rana ta uku, da teku ya fusata. Yana tsakiyar jirgin ne kuma can ƙasa, inda tangaɗi bai da ƙarfi. Masu ɗakunan sama na goshin jirgi, da suka biya kuɗi masu kauri, su ne suka wuni kwance da jiri. Jirgin yana da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage masa karkata dama da hagu, sai dai ba sa hana shi ɗaga kai ya dukar. Uwargida dai ta sha magani, mai gyara mana ɗaki ya kawo mata koren tuffa da busasshen biskit, zuwa yamma ta miƙe.

Wannan bawan Allah ɗan Filifin ne, ya ce watansa na shida ke nan bai ga 'ya'yansa ba. Tun kwana na biyu ya riƙe sunayenmu, ya kuma gane ba na son sanyin na'ura da yawa ba tare da na faɗa ba. In akwai abin da zan yaba babu ragi, ma'aikatan ne.

Da yake yamma muka nufa, bayan mun bar Tenerife, a darare biyar an mayar da agogo baya da awa ɗaya. Za ka tarar da 'yar takarda a kan gado tana tuna maka. Wayata ta rikice gaba ɗaya, sai da na koma saita ta da hannu.

Kullum da dare ana turo takardar shirye-shiryen gobe, cike maƙil: kacici-kacici, koyon rawa, lacca, gwanjon zane-zane. Na gwada bi na kwana biyu, na gaji. Da yawansu talla ce aka yi wa ado, ka je sauraron bayani kan lafiyar ƙafa, ka fito ana sayar maka da shimfiɗar takalmi. Abin da na riƙe biyu ne. Da sassafe in zagaya barandar da ta kewaye jirgin, ba kowa sai ma'aikata suna wanke daɓe, gishiri na manne maka a leɓe, kifayen nan masu tashi suna fallewa daga gefen jirgin kamar an watsa tsakuwa. Sai kuma ƙarfe goma sha biyun rana, lokacin da kyaftin ke magana ta lasifika: inda muke, gudunmu wajen kilomita 37 a awa, da zurfin ruwan da ke ƙarƙashinmu. Ranar da ya ce ya haura mita 4,000, wata tsohuwa kusa da ni ta saki ƙarfen baranda ta ja da baya. Daga bakinsa ma na ji cewa ruwan da muke sha da wanka na tekun ne, ake cire masa gishiri a cikin jirgin.

Ƙorafina ba su da yawa, amma sun ci mini rai. Kujerun bakin wurin ninkaya tun kafin ƙarfe bakwai an shimfiɗa musu tawul, masu su ba za su leƙo ba sai hantsi ya dubi ludayi. Akwai doka a rubuce, ba mai tilasta ta. Intanet na biya daban, hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa kamar ba zai tafi ba. Sannan katin nan da ke buɗe ɗaki shi ne kuma aljihunka, miƙa shi ba ya zafi. Sai a rana ta biyar na duba lissafi a talabijin ɗin ɗaki, na ga kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane mutum kullum, ga wani kaso a kan duk abin sha. An rubuta shi a sharuɗɗa, ni ne ban karanta ba, amma da sun faɗa da babbar murya.

Zan sake? Ƙwarai, amma a ɗaki mai taga, a tsakiyar jirgi, kuma ba zan sayi intanet ba. Da asubar ranar da fitilun Miyami suka bayyana, kowa ya fito da waya yana murna. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, har ƙasar na ji tana yi mini hayaniya tun daga nan."