Labarin Sesriem da tsuntsun da ba ya shan ruwa

Yaya, bayan gaisuwa. Ka ce in ba ka labarin hutun da na yi, ga shi.

Daga Windhoek, babban birnin Namibiya, muka nufi Sesriem, bakin gandun dajin Namib-Naukluft. Tafiyar ta haura kilomita 300, mafi yawanta a kan burji, ƙura har cikin kunne. Abin da ya ja abokan tafiyata can wani ɗan tsuntsu ne da Turawa ke kira dune lark. Kaɗan ya fi gwara girma, bayansa launin jan yashi, cikinsa fari-fari. Da a gonarmu ya sauka, ko yara ba za su ɓata masa dutsen danƙo ba.

Da sassafe ɗan jagora ya kai mu tudun Elim, kamar kilomita 5 daga ƙofa. Bai ɗaga kai sama ba, ƙasa yake ta dubawa, har ya nuna mana sawun ƙafa tsakanin kututturen ciyawa, sai ka ce an zana da tsinke. Can sai ga tsuntsun a guje, ya tsaya cak, ya cafke ƙwaro, ya faɗa inuwa. Ɗan jagoran ya ce mana tsuntsun ba ya shan ruwa, damshin ƙwari da ƙwayar ciyawa ya ishe shi. Wata tsohuwa Bajamushiya har da share hawaye.

Masaukin ne ya tsaya mini a rai. Tsakiyar hamada, amma wutar sola ba ta ko ƙifta ba, ruwan burtsatse kuma da zafinsa a famfo. Sun ajiye bokiti a banɗaki, wai ka tari ruwan farko kafin ya yi zafi, su yi shara da shi. Na yi dariya ni kaɗai. A gida in ka ga bokiti a ɗakin otal, ka san famfo ya daɗe da rasuwa. A can kuwa, in sun ce mota ƙarfe biyar da rabi, to biyar da rabi ɗin ce, da shayi a fulas.

Sai dai kuɗin, Yaya, ba a magana. Kwana ɗaya ya kusa cinye mini hayar wata. Dalarsu daidai take da rand na Afirka ta Kudu, kuma duka biyun ana karɓa, amma farashin nan don aljihun Bature aka yanka shi.

Abinci kuwa mun fi su nesa ba kusa ba. Naman mariri suka gasa, ni ban san wanda ya yanka ba, sai na koma kan kifi da dankali, salam ba yaji. Kwana biyu ina mafarkin tsire.

In ka samu mai tahowa, a haɗo mini yajin ƙuli da daddawa. A gaida Inna da yara.