Ruwan Ciyawar Teku a Gonar Albasa: Abin da Na Gani a Fadamar Aliero

A noman ranin da ya gabata na kashe kuɗina a kan wani kaya da ban taɓa zaton zai iso fadamarmu ba, wato ruwan da ake tatsa daga ciyawar teku, wanda masu sayar da maganin gona suka fara jerawa kusa da takin ruwa. Na saye shi a wani shago a Jega, cikin gora mai cin lita 1, baƙi ne mai kauri, kuma yana da ɗan ƙarni irin na bakin kogi. Mai shagon ya ce mini, "Malam, in ka fesa wannan, kai da ciwon lawashi sai dai labari." Wannan magana ce ta sa na saya, kuma ita ce nake so in gyara, domin kayan yana da amfani na gaske, amma ba irin amfanin da aka faɗa mini ba.

Duk wanda ya noma albasa a ƙasar Aliero ya san ciwon da nake nufi. Yana farawa da ɗan ɗigo fari a jikin lawashi, sai ya faɗaɗa ya koma shuɗi-shuɗi mai ruwan jar garura, da zobe-zobe a cikinsa, daga nan ganyen ya karye ya bushe tun daga baki. Funfuna ce ke haddasa shi, wadda masana ke kira Alternaria porri, kuma tana samun ƙarfi ne idan raɓa ta daɗe a kan ganye, ko kuma idan ƙananan ƙwarin nan masu tsotson lawashi sun riga sun raunata shi. Idan lawashi ya mutu da wuri, kan albasa ba ya cika, kuma irin wannan albasar ce ke saurin ruɓewa a cikin rudu, wato ma'ajiyar albasa, tun kafin farashi ya tashi.

A jikin gorar an rubuta cewa an yi ruwan ne da Ascophyllum nodosum, wata ciyawa mai ruwan ƙasa da ke fitowa a kan duwatsun gaɓar arewacin Tekun Atlantika, a ƙasashe irin su Nowe, Ayalan da Kanada. Manoman waɗannan gaɓoɓi sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kwasar ciyawar teku suna zubawa a gonakinsu a matsayin taki, saboda haka abin ba sabon ƙirƙira ba ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda take aiki a kan funfuna. A cikin irin wannan ciyawa akwai wani nau'in sukari da ake kira laminarin, wanda ƙirarsa ta yi kama da abin da ke jikin funfuna, ta yadda idan ya sauka a kan ganye, shukar takan ɗauka maƙiyi ne ya iso, sai ta ɗaura ɗamara, ta ƙarfafa bangon ƙwayoyin jikinta, ta kuma fara fitar da sinadaran kare kai tun kafin cutar ta zo. Tarayyar Turai ta amince da laminarin a matsayin sinadarin kare amfanin gona tun a 2005. Ma'anar wannan ita ce ruwan ba ya kashe funfuna kamar yadda mankozeb, maganin feshin funfuna da muka saba da shi, ke yi. Shukar yake tayarwa daga barci domin ta kare kanta.

Na raba gonata kashi uku domin in gani da idona. Kashi na farko na fesa masa ruwan ciyawar kaɗai, tun mako biyu bayan dashe, ina maimaitawa duk bayan mako biyu bisa ma'aunin da ke jikin gorar, a famfon feshi mai cin lita 16. Kashi na biyu na bi shi da mankozeb kamar yadda na saba, na uku kuma na ba shi duka biyun, amma a ranaku daban-daban.

Abin da na fara lura da shi ba batun cuta ba ne. Dashen da ya sha ruwan ciyawar ya riga sauran miƙewa, lawashinsa ya yi kore shar, kuma da na tuge kaɗan na duba, saiwoyinsa sun fi yawa. Da hunturu ya kankama, raɓa ta yi nauyi, sai tabon ya bayyana a dukkan kashi ukun. A kashin da ya sha ruwan ciyawar kaɗai ya makara da 'yan kwanaki, amma da ya kama tsofaffin ganye bai tsaya ba, kuma ƙarin feshin da na yi bai warkar da ko tabo ɗaya ba, har sai da na koma ga mankozeb domin kada in yi asarar kwamin baki ɗaya. Kashin da ya sami duka biyun shi ne ya riƙe lawashinsa har kusan lokacin cira, kuma albasarsa ta fi nauyi a hannu. Gwajin shekara ɗaya ne a gona ɗaya, kuma a haka nake so a ɗauke shi.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake tallata kayan. Manomin da aka ce masa ya sami magani zai ajiye feshin da ya saba, ya jira har ciwo ya cinye masa gona, alhali kuɗin iri da na man injin ban ruwa sun riga sun tafi, kuma wannan abu ne da yake ci mini rai ƙwarai, domin mafi yawanmu da bashi muke shiga rani. Bayanin da ke jikin gorar ma da Turanci kaɗai aka rubuta shi, da ƙananan haruffa. Haka kuma, baƙin ruwa mai kauri abu ne mai sauƙin jabu, don haka ya kamata mai saye ya duba sunan ciyawar da aka yi shi da ita, da lambar rajistar NAFDAC, da ranar da zai lalace, kada ya karɓi wanda aka ɗura a gorar ruwan sha. Tsadarsa kuwa ba ta kai yadda ake tsoro ba, tunda kaɗan ake zubawa a kowane famfo.

Na fi samun sakamako da feshin sassafe bayan raɓa ta ɗauke, ko na yamma lis, domin zafin tsakar rana yana busar da ruwan kafin ganye ya sha. A bana zan fara tun daga wurin renon iri, in kuma tsoma saiwoyin dashe a cikinsa kafin in kai su kwami, sannan in ware ɓangare ɗaya na rudu ga albasar da ta sha shi, domin in ga ko za ta kai watan Yuni ba tare da ruɓewa ba.