Warin mai a ruwan lagireto bayan an haɗa inji: wane gwaji ya cancanci kuɗinka a Legas?

Wanda aka sauke wa inji aka sake haɗa shi, sannan ya buɗe murfin lagireto ya ji warin mai ko ya ga maiƙo a saman ruwan, kada ya yarda a sake kwance masa kan silinda sai ya san wane mai ne ya shiga. A ɗebi ruwan a kwalba mai haske, a bar shi ya kwana. Man gas yana tasowa sama siriri da warinsa, baƙin mai yana kauri ya koma launin shayi da madara, man giyar atomatik kuwa ja-ja ne, kuma shi yana nuna cewa bututun da ke sanyaya shi a cikin lagireto ne ya fashe, injin bai da laifi. A motar fetur da wuya a samu fetur ɗin kansa a cikin ruwa, domin hanyoyinsu ba sa haɗuwa. Yawanci hayaƙin ƙonewa ne yake kutsawa ta gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, idan bai zauna daidai ba, ko ta tsagar kan silinda.

Na'urar kwamfuta da ake jona wa mota ba ta ganin abin da ke cikin ruwa, don haka kuɗinta a wannan matsalar asara ne. Awon ƙarfin silinda yana barin ƙaramar ɓaraka ta wuce ba a gan ta ba. Na'urar shinshina hayaƙi tana da kyau, amma tsadarta ta fi ƙarfin mai mota ɗaya.

Abin da nake cewa kowa ya saya shi ne gwajin shuɗin ruwa, wato ƙaramin bututu mai haske da ƙwallon roba a kansa, tare da kwalbar sinadarinsa. Tun injin yana sanyi ake buɗe murfi, a rage ruwan lagireto kamar tsawon ɗan yatsa don kada bututun ya zuƙe shi, sannan a tayar da inji har ya yi zafi. Sai a ɗora bututun a bakin lagireto, a riƙa matsa robar na minti 2, iskar da ke saman ruwan tana ratsa sinadarin tana tafasowa. Idan hayaƙin silinda yana shiga, shuɗin zai koma rawaya a motar fetur, a ta gas kuma yakan tsaya a kore. Abin da ya sa na fi son sa shi ne mai mota yana ganin hukuncin da idonsa, ba sai an fassara masa ba, kuma makaniken da ya haɗa injin ba zai iya cewa iska ce kawai ta maƙale a tiyo ba. Ga mu da muke kwana a cunkoson Oshodi zuwa Apapa, inda fanka kaɗai ke sanyaya inji, ɓarakar da ba ta nuna kanta a buɗaɗɗiyar hanya a cikin cunkoson ne take tafasa ruwa.

Sai dai wannan gwaji hayaƙi yake kamawa, ba ya kama man gas da ya zubo ruwa-ruwa. Masu manyan motocin da ke kawo tumatir da albasa Mile 12 su lura da wannan. A injuna da yawa na gas, nozul, wato abin da ke fesa mai cikin silinda, yana zaune ne a cikin wani kofi, galibi na jan ƙarfe, wanda ruwa ke kewaye da shi, kuma idan ba a zaunar da kofin da kyau ba lokacin haɗa inji, mai zai tura kansa cikin ruwa, tunda ƙarfin famfon mai ya fi na ruwa. A nan famfon matsa iska a lagireto ake buƙata: a cire nozul, a matsa har ƙarfin da aka rubuta a murfi, wanda yawanci 0.9 ne ko 1.1 a ma'aunin bar, a haska tocila cikin ramukan a ga inda ruwa ke tsattsafowa. Wannan a biya a yi a gareji ya fi a saya.

Jabun sinadarin gwajin kuwa sai an yi hattara. A Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, akwai na kirki, akwai kuma ruwan da aka zuba wa shuɗin wanki aka liƙa masa takarda, kuma ko na gasken yana lalacewa idan kwalbar ta daɗe a buɗe. Kafin a biya, a tsiyaya kaɗan a hura masa numfashi ta tsinken shan lemo. Na gaske zai fara sauya launi, domin numfashin mutum yana ɗauke da irin iskar da yake nema. Mai shagon da ya hana a gwada, a bar masa kayansa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne maganin toshe yoyo. Wani makanike a wajen Agege ya zuba shi a motata ba da sanina ba, ya ce, “Alhaji, ka je ka yi ta tafiya, injin ne bai gama zama ba.” Kumfar da ke tasowa a lagireto ta lafa na ɗan lokaci, lagireton ya toshe, gasket ɗin kuma yana nan yadda yake. Saboda haka kafin gwaji a duba ƙasan murfi, idan an ga laka-laka mai ƙyalli ko ɗan gari mai launin ƙasa, an riga an zuba. A kuma tambayi wanda ya haɗa injin ko an auna kan silinda an goge shi a injin gogewa, ko da sifana mai awo ya ɗaure kusoshin bi da bi, da ko ya sauya kusoshin da ke miƙewa, waɗanda ba a ɗaura su sau biyu. A nemi ganin kwalin gasket ɗin ma, domin na jabu ya cika kasuwa.

Idan har man gas ne ya shiga, gyaran kofin nozul bai isa ba. Man yana kumbura roba ya sa ta yi laushi, don haka sai an wanke hanyar ruwa har maiƙon ya fita, an sauya tiyo da murfin lagireto, sannan a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ba ruwan leda ba.